Takalmi Lamba Arba'in da Biyu

Takalmin aikin da suka ba innata lamba arba'in da biyu ne.
Ƙafarta talatin da shida.
Sai ta cusa tsohuwar jarida a ciki,
kullum tana taka labaran da ba ta iya karantawa,
tana hawa tsani da su
a El Alto, inda iska ba ta cika huhu,
dutsen Illimani na tsaye da farin rawani
yana kallo, bai taɓa cewa uffan ba.

Eulogia Tarqui sunanta.
A littafin biya kuwa an rubuta: mataimakiya.
Shekara goma sha tara tana taimako.
Yaran da ta koya wa riƙon cokalin gini
sun yi gemu, sun zama birkiloli,
yau su ke ce mata: kawo kwaɓi, Eulogia, yi sauri.

Ranar Asabar ake layin kuɗi.
Bulon da ta ɗauka bai fi na Severino sauƙi ba,
siminti ba ya tambayar hannun wa yake ci,
amma ambulan ɗinta ya fi nasa rama.
Ta taɓa tambaya, sau ɗaya.
Ɗan kwangila ya yi dariya har haƙorin gwal ya leƙo:
ai shi yana da iyali.
Mu huɗu ne a gabanta lokacin.
Ban san me ake kiranmu ba.

Ba a yi wa mata banɗaki a wurin ba,
sai ta daina shan ruwa tun hantsi.
Ganyen koka a kunci, shi ke nan har faɗuwar rana.

Aji ɗaya ta yi, shi ma bai cika ba.
Shekarar da sanyi ya kashe dankalin kakana
kuɗin littafin mutum ɗaya ya rage,
aka duba, aka ga kawu Zenón.
Yanzu yana da tebur a ofishin gunduma.
In ya zo gidanmu yakan ce: ai Eulogia ta fi ni kai.
Yana faɗa, yana miƙa mata kwano ta ƙaro miya.

Wata Laraba bangon gabas ya karkace.
Ba wanda ya lura.
Ita ta gani, daga ƙasa, da ido kawai,
yadda uwa ke gane zazzaɓi tun ba ta taɓa goshi ba.
Da aka tashi ta tsaya,
ta sauke layi bakwai, ta sake jerawa,
yatsu sun daskare, igiyar awo a haƙori.
Da safe injiniya ya ɗora ma'auni,
ya ce madalla, ya dafa kafaɗar Severino.
Severino ya dubi ƙasa.
Ya dai karɓa.

A daren ba ta ce komai ba.
Ta hura wuta, ta jiƙa wanki, ta fere dankali.
Babana ya ce ya gaji, kuma gaskiya ne, ya gaji,
sai dai gajiyarsa tana da kujera.

Da kowa ya kwanta ta jawo littafin lissafina:
nuna mini yadda ake rubuta ni.
Harafi bakwai. Mako biyu muka yi.
G ya ba ta wuya,
ta ce kamar rodin da aka lanƙwasa cikin fushi.

Ginin yana nan, an sha masa fenti kore da ja,
ga allo a ƙofa ɗauke da sunan maza uku.
Ta samansa nake wucewa a motar igiya zuwa jami'a,
inda mu biyar ne mata cikin sittin
kuma malam yana kiranmu furannin aji.
Nakan manna goshi a gilashi in ƙirga tagogi.
Hawa na uku, bangon gabas, ƙarƙashin yaɓe,
akwai inda ta bi ɗanyen siminti da ƙusa.

Ba mai gani.
Ni ma sau ɗaya na gani, kafin a shafe.
G ɗin a juye yake.
Bangon kuwa a miƙe.